Janareta don motar kwana: littafin aiki daga Kano zuwa Gembu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Kafinta ya gama gado da akwatunan ƙarƙashinsa, riwaya ya ja wayoyi, Hiace ɗin ta fara kama da ɗaki. Saura batun wuta, kuma shi ne ya fi damuna a duk aikin nan. Uwargida na da ciwon suga, allurar insulin take yi safe da yamma, kuma wadda ba a buɗe ba sai an ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Saboda haka firjin da ke cikin motar nan ba na ruwan sanyi ba ne kawai. In ya mutu a daji, tafiya ta ƙare.

Yau na zauna da biro na lissafa abin da za mu sha a yini. Firjin na bolt 12 ne, yana jan kamar wat 45 idan kwamfuresa na aiki, kuma a zafi rabin yini yake yi yana aiki, wato wat-awa 540. Fankoki biyu na dare su kai 300. Fitilu, cajin wayoyi da kwamfuta su ci 250. Jimilla ta doshi 1,100. Batirin da na saka na litiyam ne mai amfiya-awa 200, yana riƙe wat-awa 2,560, wato abincin kwana biyu da ɗan ragi. A saman mota akwai farantan sola biyu masu wat 200 kowanne. A takarda sun isa. Amma duk wanda ke da sola a gidansa ya san yadda hazon hunturu ke yi mata, kuma inda muka nufa, tsaunin Mambila, gajimare na iya rufe gari har hantsi ya wuce.

Abin da na tsayar shi ne: janareta ba zai kwana yana aiki ba. Aikinsa ɗaya, ya ciyar da cajar batir mai amfiya 40 na awa biyu ko uku da rana, a kashe shi. Cajar nan tana jan kusan wat 700 daga soket. Na cire na'urar sanyaya ɗaki daga lissafi gaba ɗaya, shayi kuma a kan gas za a dafa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na wuni a Faransa Road da cikin Sabon Gari, ni da bakaniken da ke gyara mana injin gida. Kaya iri uku ne a kasuwa, ko da sunayen da ke jikinsu sun kai hamsin.

Na farko shi ne ƙaramin nan da ke kowane shagon aski, wanda ake haɗa masa baƙin mai a cikin fetur. An rubuta 950 a jikinsa, amma abin da yake iya riƙewa bai wuce wat 650 ba. Hayaƙi, ƙara, wuta mai hawa da sauka. Ban tsaya a kansa ba.

Na biyu manyan nan masu firam ɗin ƙarfe, na kilowat biyu zuwa uku. A nan bakanike ya dage. Injin da ke cikinsu kwaikwayon Honda GX160 da GX200 ne, kuma ba garin da za ka shiga a Arewa ka rasa kafiretonsa, ko kwayil, ko igiyar ja, ko yaron da ya iya kwance shi ido rufe. “Alhaji, ko a Mayo Selbe, can gindin tsaunin Mambila, ya tsaya maka, kafin ka sha shayi an tashe shi,” in ji shi. Gaskiya ya faɗa, kuma maganar ta zauna mini. Matsalarsa nauyi da ƙara. Yana haura kilo 40, kuma dole ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti ko da fitila ɗaya ka kunna, don da wannan gudun ne yake fitar da hats 50, wato saurin bugawar wutar da kayanmu ke buƙata. Man da yake sha ke nan, ga lita ta haura naira dubu. Kuma in ka sauka a ƙofar gidan mutanen da suka yi maka karamci, bai kamata ka hana musu jin kiran salla ba.

Na uku masu inbata, waɗanda ke cikin akwatin roba da mariƙi kamar jaka. Su injin yana samar da wutar ne yadda ta zo, sai wani allo na lantarki ya mai da ita ta batir, ya sake tsara ta ta fito daidai bolt 230 da hats 50. Tunda allon ne ke riƙe da lissafin, injin na iya sassauta gudu idan kaya ba yawa. Shi ya sa ba su da ƙara, ba su da shan mai, kuma wutarsu ba ta firgita caja ko kwamfuta. Zuciyata na wajensu. Bakanike kuwa ya ƙwanƙwasa jikin ɗaya ya ce duk alherinsu da sharrinsu a allon nan yake, domin narkakkiyar roba ake zubawa a rufe shi ruf, ba a gyara shi, sai dai a sake wani.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Wani mai kawo kayan gwanjo ya kira ni na ga Honda EU2200i, ja, kusan sabo, a farashin da ya sa na tashi daga kan abinci na tafi. Ja ɗaya ya tashi. Muna tsaye a kansa muna hira ba tare da ɗaga murya ba.

Sai dai na Amurka ne. Bolt 120 yake fitarwa a kan hats 60, soket ɗinsa ma irin nasu ne. Mai kayan ya ce a haɗa da taransifoma. Taransifoma tana ɗaga bolt, ba ta canza hats, kuma ƙarin kaya ne mai nauyi da zai ci wani abu daga wutar. Akwai cajojin da ke karɓar kowace irin wuta daga 100 zuwa 240, tawa ba ta cikinsu.

Abin da ya fi wannan hana ni shi ne garanti. A 2019 an yi kiranyen wannan samfurin a Amurka, wato kamfanin ya nemi a mai da shi a gyara, kimanin guda 200,000, saboda makullin fetur da ke iya yoyo. A 2020 aka sake kiran wasu kimanin 340,000 saboda allon inbata na iya haɗa waya idan ruwan gishiri ya shige shi. Wannan bai rage mini darajar kamfanin ba, ƙara ta ma ya yi: sun ga aibi, sun fito sun faɗa, sun gyara kyauta. Amma wanda ya mori gyaran shi ne wanda ya saya a can, lambar injinsa na cikin rajista, dilansa na bayan gidansa. Wanda ke gabana ya ƙetaro teku a kwantena, ba rasit, ba wanda ya san ko an taɓa kai shi gyaran. Na yi wa mai kayan godiya na tafi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na sauke littafin EU22i daga intanet, wato ɗan'uwan wancan mai bolt 230, na karanta shi daga bango zuwa bango. Ba don lalle shi zan saya ba, sai don in sami ma'aunin da zan gwada sauran da shi. Ƙarfinsa na ƙoli wat 2,200, wanda yake riƙewa a kai a kai 1,800. Injinsa cc 121, nauyinsa kilo 21 da ɗoriya, tankinsa lita 3.6. Yamaha EF2200iS ma 1,800 ɗin yake riƙewa, injinsa cc 79, ya ɗan fi shi nauyi da girman tanki.

Da farko na so in tsaya a kan ƙaramin ajin, masu wat 1,000 da ke riƙe 900, don kilo 13 ne kawai, uwargida ma za ta iya ɗauka. Shafin da ya yi maganar tudu ne ya sauya mini lissafi. Injin fetur yana rasa kamar kashi 3.5 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, saboda iska na ƙara sirancewa. Kano ba ta kai mita 500 a kan teku ba. Jos ta kai 1,200. Saman Mambila kuwa mita 1,500 ne zuwa sama. A mita 1,600 an yi asarar kusan kashi 19. Mai 900 ya koma 730, cajata na neman 700. Wannan ba tazara ba ce, inji zai yi ta nishi ne har ya gaji. Mai 1,800 kuwa zai sauko wajen 1,450, wato rabin ƙarfinsa kawai zan riƙa ci. Magana ta ƙare, ajin 2,000 zan saya.

Kuɗin Honda sabo fil daga hannun wakili ya ninka na takwarorinsa ’yan Sin sau uku ko fiye. Kamfanin na da masana'anta a Ota ta jihar Ogun, ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kuma na yarda kayan ya ci kuɗinsa. Amma bayan batir da sola da tayoyi huɗu, aljihuna bai kai can ba, kuma ba zan ci bashi don yawon buɗe ido ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Wannan makon gaba ɗaya a kan garanti ya tafi. Kowane kwali an buga masa “shekara ɗaya” da manyan baƙaƙe. Sai ka tambayi mai shago wa zai cika alkawarin, ka ji amsa iri-iri. Wani ya ce garantin na kamfani ne, kamfanin kuwa yana Sin. Wani ya ce in na fita da shi daga shago an gama, ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit cewa ba a mai da kuɗi bayan an biya. Wani ya ce kwana bakwai zai ba ni don mutunci.

Wannan rubutu na ƙasan rasit ba ya sama da doka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mai da kayan da ya fito da aibi cikin wata uku, a gyara, ko a sauya, ko a ba shi kuɗinsa. Yana da kyau mutum ya san haka, kuma ya faɗa a shago cikin ladabi. Sai dai ni ba shari'a nake nema ba. Ranar da inji ya tsaya, takardar ƙorafi ba za ta sanyaya insulin ba. Don haka na bar tambayar wata nawa ne garantin, na koma tambayar abubuwan da ake gani da ido. Ina wurin gyaranku? Wa ke gyaran? Akwai allon inbata na wannan samfurin a kan kanta yanzu? In babu, daga ina yake zuwa? Kuɗin aiki da na mota a kan wa? Me ke ɓata garantin?

Yawanci a tambaya ta biyu ake fara kallon titi. Mutum ɗaya ne, wani dattijo da ke wakiltar masu shigo da kayan daga Legas, ya tashi ya ce in biyo shi. A bayan shagon akwai rumfa, yara biyu na kwance injuna, ga kafiretoci da kwayil da filtoci a jere cikin kwalaye. Allon inbata kuwa ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ba ya ajiye shi, sai an aiko daga Legas. Wannan “babu” ɗin ce ta sa na yarda da sauran maganarsa.

A wurinsa na saya. Mai inbata ne, cc 79, yana riƙe wat 1,800 a rubuce. Na roƙe shi ya rubuta lambar injin a kan rasit da katin garanti, da kwanan wata, da hatimin shago, ya kuma ƙara da hannunsa cewa allon inbata na cikin abin da garantin ya rufe. Ya ɗan yi jim, ya ce, “Alhaji, ka taɓa ƙonewa ne?” Na ce a'a, Baba, maganin iyalina ne zai dogara da shi. Bai ƙara cewa komai ba, ya rubuta ya sa hannu. Sharaɗinsa biyu: kada kowa ya ɓalle hatimin da ke kan murfin allon, kuma in riƙa juye baƙin mai a kan lokaci.

Ba zan ambaci sunan samfurin a nan ba sai na ga halinsa. Tafiyar Gembu sai Fabrairu, da gangan na saya da wuri don in wahalar da shi kusa da gida tun garanti na ɗanye.

Lahadi, 8 ga Disamba

Injin ba baƙin mai a cikinsa yake zuwa, kuma abin da yake ɗauka bai kai rabin lita ba. Na zuba 10W-30, na bar shi yana aiki da ƙaramin kaya, fanka da fitilu, ina ƙara masa a hankali. Na ɗaura masa ɗan agogon ƙirga awoyi, irin wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, na kuma buɗe littafi: kwanan wata, awoyi, abin da aka jona, gidan man da na sayi fetur. Man farko da na juye ya fito da ƙyalli-ƙyallin ƙarfe kamar an barbaɗa kwalli. Bakanike ya ce haka sabon inji yake, shi ya sa ake gaggauta juyen farko, a awa 20 ko ƙasa da haka, daga nan sai duk awa 100.

Mai walda ya yi masa akwati a bayan mota, a waje, mai ramukan iska da kwado. Jarkar fetur ma a waje take. A cikin akwatin zai yi tafiya, amma ba a ciki zai yi aiki ba. Na sayi waya mai kauri ta mita 15 don in riƙa ajiye shi nesa, salansa na kallon inda iska ta nufa. Hukumomin Amurka na cewa a nisanta shi aƙalla ƙafa 20, wato mita 6, daga ƙofa da taga. Hayaƙin nan da ke kashe mutane, kabon monoksaid, ba shi da wari ba shi da launi, kuma duk shekara sai mun ji gidan da aka wayi gari iyali gaba ɗaya sun rasu saboda an shigar da inji cikin zaure don gudun ɓarawo. Cikin mota ya fi kowane ɗaki ƙunci. Na manna na'urar da ke ƙara idan ta shaƙi iskar a daidai kan gado. Don gudun ɓarawon kuma, sarƙa da kwado sun isa.

Lahadi, 22 ga Disamba

Gwajin farko a waje. Mun sauka a gonar wani abokina kusa da Toro, a kan hanyar Bauchi zuwa Jos. Hazo ya yi kauri har rana ta zama farin faifai, sola ba ta ba da ko rabin abin da ta saba ba. Jiya inji ya yi aikinsa lafiya. Yau da hantsi, caja na kan aiki, sai na ji muryarsa ta sauya, ya sassauta. Injin na juyawa, jar fitila ta kama, wuta babu. Na zare komai, na kashe, na bari ya huce, na sake tayarwa. Jar fitila dai, ko da ba a jona masa ko allura ba.

Abokina ya aika aka kira mai gyaran injin ban-ruwa na ƙauyen. Ya duba mai, ya duba fulogi, ya saurari injin, ya ce lafiyarsa lau. Ya kai sukundireba kan murfin allon, na riƙe hannunsa na nuna masa hatimin. Ya ce, “Yallaɓai, ko na buɗe ma ba abin da zan iya. Da irin namu ne da yanzu ka ga wuta.” Maganar bakanikena ce ta dawo, daga bakin wanda bai taɓa ganinsa ba.

Na ɗauki bidiyo da waya: agogon awoyi, jar fitilar, soket ba komai a ciki, hatimi lafiya. Batir na kan kashi 60 cikin 100, ma'aunin da ke cikin firji na nuna 5. Uwargida ta ce mu kashe fankoki mu bar wa firji wutar, dama sanyin Toro bai bar mana buƙatarsu ba. Mun kwana, gobe sai Kano.

Talata, 24 ga Disamba

Na kai shi shago. Dattijon ba ya nan, ɗansa na tarar, kuma kafin ya taɓa injin ya yanke hukunci: ko na ɗora masa kaya fiye da ƙima, ko fetur ɗin gauraye ne. Na san wannan ƙofa ce da ake fita ta cikinta, domin garanti ba ya rufe ɗayansu. Ban yi musu ba. Na buɗe littafin na ajiye a kan kanta, na kunna bidiyon, na nuna masa takardar cajar da ke faɗin abin da take ja. Na ce gurɓataccen fetur kafireto yake toshewa, ga inji kuwa yana tashi ja ɗaya.

Ana cikin haka uban ya shigo. Ya karanta rubutun hannunsa a kan katin, ya sa yaro ya ɓalle hatimin a gabana, aka gwada wayoyin da ke fitowa daga kwayil, wuta na zuwa. Allon ne ya mutu. Ya ce an ji, nasu ne. Sai dai Legas sun rufe don hutun ƙarshen shekara, sai bayan sabuwar shekara. Ya ba ni takardar karɓar kaya mai lambar injin, ya kuma ce in ɗauki ɗaya daga cikin manyan masu firam in riƙa amfani da shi kafin nan. Na gode masa, ban ɗauka ba, tunda a gida muke.

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Allon ya iso, an saka, ba a karɓi ko kwabo ba. Dattijon ya cika alkawari, kuma zan faɗi haka a gaban kowa. Amma daga ranar da inji ya tsaya zuwa yau an haura mako uku. Da a Nguroje, can saman Mambila, abin ya faru, garantin na nan daram, kuma da bai amfane mu da komai ba a waɗannan makonnin. Garanti yana mayar maka da kuɗinka ko kayanka. Ba ya ba ka wuta a daren da kake buƙatarta. Wannan sai mutum ya tanadar wa kansa.

Abu biyu na yi. Na ce a aiko mini da allo na biyu da kuɗina, in riƙa tafiya da shi. Kuɗinsa ya kusa kashi ɗaya cikin uku na injin, na runtse ido na biya. Na tsaya yaron ya nuna mini yadda ake sauya shi: kusoshi huɗu ne da filogan waya uku, kowanne da irin bakinsa, ba a iya juya su. Dattijon ya rubuta a katin cewa in ta kama a hanya, in kira shi a waya tukuna, in sauya, garanti bai ɓaci ba.

Na biyu, riwaya ya saka mini cajar da ke ɗaukar wuta daga altanetar mota ta kai wa batirin litiyam, mai amfiya 30. Ba a haɗa irin wannan batir kai tsaye da altaneta, don yana zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa har ya ƙona ta, cajar ce ke tsakani tana rage masa. Yanzu tuƙin awa uku na zuba fiye da wat-awa 1,100, abincin yini guda. Firji ya sami hanya uku: rana, injin mota, janareta. Sai duka ukun sun mutu tare kafin maganin ya shiga haɗari.

Asabar, 25 ga Janairu

Ina kunna shi kullum da cajar, awa biyu, a tsakar gida. Lafiya lau. Soson filtar iska kuwa cikin mako ɗaya ya koma ja da ƙura. Littafi ya ce a wanke duk awa 50, amma ba a hunturun Kano aka rubuta littafin ba. Na wanke da sabulu, ya bushe, na ɗiga mai na matse. Jakar kayan gyara ta haɗu: allo, fulogi biyu, igiyar ja, soso, kwalbar baƙin mai, abin kwance fulogi, da mazurari mai rariyar da ke tare ruwa.

Talata, 11 ga Fabrairu, Gembu

Alhamdu lillahi. Mun biyo ta Gombe da Numan muka kwana a Jalingo, sannan Bali, sannan Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Daga Mayo Selbe aka fara hawan da Hiace ta yi shi a giya ta ɗaya da ta biyu, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har muka fito Maisamari iska ta sauya. Saboda tuƙin, mun iso da batir a cike, janareta bai fito daga akwatinsa ba sai da muka yi kwana biyu a wuri ɗaya kusa da Nguroje.

Da safe sanyi ya sa sai da na ja cok na bar shi ya ɗan ɗumama kafin ya daidaita. Da na jona caja ya ɗaga murya fiye da yadda yake yi a Kano, ya riƙe, bai yi tangal-tangal ba. A nan na ga amfanin lissafin watan Nuwamba. Da mai 900 na saya, da yanzu a iyakar ƙarfinsa yake. Da na kwance fulogi na tarar ya yi baƙi da kunkunniya. Dalilin a fili yake: iska ta ragu, fetur ɗin da kafireto ke bayarwa bai ragu ba. Mai zama a nan dindindin ƙaramin jet, wato ’yar kafar da fetur ke bi a kafireto, ake saka wa injinsa, amma wanda zai sauko dole ya mai da na asali, in ba haka ba inji ya yi zafi a ƙasa ya lalace. Don zaman mako biyu ban taɓa shi ba, na goge fulogin na mayar.

Fetur a nan ya fi na ƙasa tsada, kuma wani wurin a jarka ko kwalba ake samu. Wanda na saya jiya, da na zuba ta mazurarin, sai ga ruwa kamar cokali guda ya taru a gindin rariya. Na nuna wa mai sayarwa, ya riƙe baki, ya ce raɓa ce ke shiga duro. Na yarda da shi, ganin yadda ciyawa ke jiƙewa da asuba.

Wani abin da ban sa a lissafi ba: da dare sanyi na sa firjin kusan ba ya aiki, har na koma tsoron kada maganin ya daskare, domin insulin da ya daskare ya lalace. Uwargida ta matsar da shi daga jikin bangon firjin, ta naɗe kwalin da tawul, muka ɗaga ma'aunin zuwa 6. Makiyayin da muka sauka kusa da rugarsa ya zo da wayoyin gidansu a leda, muka jona su yayin da inji ke aiki. Ya zauna dab da shi yana ba ni labarin shanunsa, ba wanda ya ce wa wani “me ka ce?”

Laraba, 26 ga Fabrairu, Kano

Mun dawo kafin azumi. Allon ajiya na nan cikin ledarsa ba a buɗe ba. Na kai injin shago aka juye mai aka rubuta a katin, don kada a sami abin faɗa nan gaba. Tunda zai yi wata guda a ajiye, na rufe makullin fetur na bar shi ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa, na kwance ƙusar ƙasa na tsiyaye ragowar. Fetur da ya kwana a kafireto shi ke zama danƙo ya toshe jet.

Masu tambayata a waya ko su sayi irinsa, ga abin da nake ce musu. Injin ya mutu sau ɗaya yana sabo, ya kuma yi aiki ba tangarɗa tun da aka sauya allon. Wata uku bai isa a yanke wa inji hukunci ba, don haka har yanzu ba zan ba da sunansa ba. Mai hali ya sayi Honda ko Yamaha na bolt 230 daga wakili, da rasit mai lamba. Wanda zai yi ta yawo a ƙauyuka, ƙara ba ta dame shi ba, kuma yana da mai taya shi ɗauka, babban mai firam ya fi masa kwanciyar hankali. Wanda ya zaɓi tsakiya irina, ya shiga bayan shago ya ga rumfar gyara kafin ya ƙirga kuɗi.

Gwajin da ya rage shi ne zafi. Bayan salla za mu nufi Nguru da Gashuwa a watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40. Firji zai yi aiki kusan ba hutu, sola za ta yi zafi ta rage bayarwa, allon inbata kuma ba abin da ya ƙi kamar zafi. Na ba mai walda aikin ’yar rumfar ƙarfe mai naɗewa da za ta yi wa injin inuwa ba tare da ta tare masa iska ba, ya ce in zo ranar Litinin.